Saniya Mai Tsagaggen Kunne

Ƙarar da ta fara komai ba ta ma kai a kira ta ƙara ba. Ɗinkin matashin kai ne ya ce ɓarat a ƙarƙashin gwiwata, wata safiya ina gyaran gado. Tsohon matashi ne, cikin waɗanda innata ta cusa da hannunta lokacin da za a kawo ni Ƙaura daga Shinkafi. Audugar rimi ta kwararo a kan zanen gado, ta yi launin ƙasa saboda daɗewa, amma laushinta na nan.

Autata tana shekara uku a lokacin. Ta damƙi audugar ta dunƙula, ta ce tunkiyarta ce, ta fita da ita tsakar gida. Iska ta ɗauke rabin tunkiyar ta kai bayan katanga, yarinya ta zauna a ƙasa tana kuka kamar an yi mata mutuwa. Don ta yi shiru na ɗauko ƙyallen wata tsohuwar riga, na cusa sauran audugar a ciki, na ɗinke, na yi mata ƙafafu huɗu. Da maigidana ya dawo ya ɗaga abin sama ya juya shi, ya tambaye ni ko dankali ne ya yi ƙafa. Autar kuwa da ita ta yi barcin rana, da ita ta tashi, har ta shiga makaranta.

Daga nan hannuna ya kama. Ban taɓa zuwa wurin koyon ɗinki ba, sai ɗan abin da aka nuna mana a sakandare, na kafa maɓalli da kalmasa bakin zane. Sauran duk kuskure ne ya koya mini. Na gano cewa sai an tsince 'ya'yan rimi sarai daga cikin audugar, in ba haka ba ɓera zai huda cikin dabbar ya neme su. Na gano ƙafafu ake fara cusawa, a tura audugar da bayan alƙalamin kara har ta yi tauri, sannan a zo ga ciki a bar shi da laushi. Telan unguwarmu yana tara mini guntayen yadi a cikin buhu, goggona kuma takan aiko da audugar rimi daga Badarawa duk lokacin da ta fashe. Lokacin aikina tsakanin azahar da la'asar ne, an ci abinci, an wanke kwanuka, gida ya yi tsit, sai kukan kurciya da ƙarar almakashi.

Abu ɗaya ya hana ni sakewa da farko. Na ji tsoron kada in zama mai ƙera siffar abu mai rai. Na ajiye allura kusan wata guda, har sai da na tambayi malamarmu ta Islamiyya bayan an tashi karatu. Ta ce abin wasan yara akwai sauƙi a cikinsa, ba gunki ba ne da za a ɗora bisa kanta ana kallo, abu ne da za a ja a ƙasa a tauna masa kunne. Na ji sanyi. Duk da haka har yau ba na sa wa dabbobina idon roba mai ƙyalli. Ƙulli biyu na baƙin zare, shi ke nan.

Sayarwa ta zo da kanta. Maƙwabta suka fara cewa a yi wa nasu, sai masu zuwa suna suka riƙa saye su haɗa da sabulu a kai wa mai jego. Ƙanwata takan ɗauki kwali guda ta kai Shinkafi ranar Alhamis, wata 'yar ɗakinmu da ke aure a Zurmi kuma tana sayarwa a cikin gidanta. A nan na san kowane gari da abin da yaransa suke so. Yaran Shinkafi raƙumi suke nema, don suna ganin na mutanen Nijar da ke shigowa ta wajen Jangeru. A Zurmi jaki ne ba ya kwana. Yaran Ƙaura kuwa zomo da kyanwa, wani lokaci har wani ya ce a yi masa giwa, alhali ko a mafarki bai ganta ba.

Allah sarki wancan lokaci. Ƙanwata ta fita da hantsi, kafin magariba ta dawo da kwalin babu ko ɗaya, a madadinsu ga albasa, ga busasshen kifi, ga gaisuwar inna da faɗan cewa na daɗe ban leƙo gida ba. Babu mai tambayar lafiyar hanya kafin ya shiga mota. In ka ce sai na dawo, magana ce kawai, ba addu'a ba.

Cikin dabbobin akwai saniya. Na ɗauko siffarta ne daga littafin karatunmu na firamare, wanda ya zauna mini a ka: fara mai baƙaƙen dabbare, baya a miƙe kamar benci, ƙaho ɗan mitsitsi. Yaran gari suna saye, ba wanda ya taɓa cewa komai, sai mutum ɗaya.

Wata Bafulatana ce mai kawo mana nono daga wata ruga ta wajen Zurmi. Mun shekara da shekaru tare, ina ce mata ƙawa tana ce mini ƙawa. Takan sauke ƙwaryarta a inuwar darbejiyarmu, ta sha ruwa, ta yi sallar azahar a tabarmata, wani lokaci da 'yarta goye a baya. Ranar da ta fara ganin saniyata sai ta rufe baki da gefen mayafi, kafaɗunta suna rawa.

"Ƙawa, wagga saniya taki, wa ya sace mata tozo?"

Na ce mata ta birni ce, ta yi boko, ba ta ɗaukar kaya a wuya. Muka yi dariya, ta auna mini nono ta ƙara gyara, ta tafi. Ban ɗauki maganar a bakin komai ba.

Da hanya ta fara lalacewa saboda ɓarayin daji sai zuwanta ya ja baya, daga baya ya tsaya cak. Ƙanwata ma ta daina kai kwali. Aka yi damina huɗu ban ji ɗuriyar ƙawata ba, sai dai in sa ta a addu'a bayan salla.

Wata ranar Talata aka yi sallama a zaure, na fito na ganta. Na ɗan jima ban gane abin da ya sauya a jikinta ba, sai can na lura: babu ƙwarya a kanta. Ban taɓa ganin kanta babu ƙwarya ba. Tana riƙe da hannun 'yar nan da na sani a goye, ta girma, ta kai shekara shida.

Bayan ta sha ruwa ta ba ni labari, a hankali, idonta a kan tabarma. Ɓarayin daji sun kore musu garke duka da rana tsaka. Rai dai Allah ya tsare. Sun taso sun sauka wurin wani ɗan uwan mijinta a bayan tashar jirgi. Amma ba wannan ya kawo ta ba. Ta ce a al'adarsu ranar suna ake nuna wa jariri karsanarsa, su girma tare. Ta yarinyar nan ta girma har ta haihu sau ɗaya, kullum da safe ita ke kai mata dusa. A gaban idonta aka kora ta. Tun daga ranar yarinyar ba ta sake furta kalma ba, ba da Hausa ba, ba da Fulatanci ba. An yi rubutu ta sha, an kai ta asibiti an duba aka ce maƙogwaronta lafiya lau. Wata huɗu ke nan. Uwar ta ce tsoronta kada shirun ya zauna, yarinya ta tashi a haka.

Na dubi yarinyar. Tana zaune ta naɗe ƙafa, tana kallon kwandon da nake tara dabbobin da na gama, amma ba ta miƙa hannu ba. Na ce wa ƙawata su dawo jibi.

Na zaɓi farin yadi mafi kyau da nake da shi, na yi saniya wadda ban taɓa yin mai kyanta ba. Ɗinki ƙanana, dabbare a daidai, har da 'yar ƙararrawa a wuya. Da suka zo na ajiye ta a gaban yarinyar ina murmushi. Ta ɗauka, ta duba bayanta, ta duba kanta. Sai ta ajiye ta a tabarma ta ture ta gefe da bayan hannu, yadda ake ture kwanon abincin da ba na mutum ba. Uwar ta shiga ba ni haƙuri. Ni kuwa kunya ce ta rufe ni, don a lokacin maganar tozo ta dawo mini. An haife ni a garin da shanu ke ratsa ƙofar gidanmu safe da yamma, na sha nononsu tun ban san kaina ba, amma da na tashi yin saniya sai na ɗauko ta cikin littafi.

Na ce wa ƙawata ta faɗa mini kamannin ta yarinyar, kada ta rage komai. Nan na ga fuskarta ta buɗe, karo na farko tun zuwanta. Ta ce ja ce, irin jan da ke kusa da baƙi a wuya ya yi haske a ciki. Ƙahonta dogaye, sun buɗe sun lanƙwaso sama kamar mai ɗaga hannu yana addu'a. Tozonta ya ɗan kwanta gefe ɗaya. Ta daɗe tana magana, tana zana ƙahon a iska da hannu biyu.

Ban tsaya nan ba. Ranar kasuwa na roƙi maigidana ya kai ni bakin kara, inda ake cinikin shanu. Ya dube ni ya ce shekara ashirin ban taɓa cewa ya kai ni ko'ina ba sai gidan biki da asibiti, yau kuma gaisuwa za mu kai wa shanu. Amma ya tada mashin. Na tsaya daga nesa cikin hijabina, dillalai suna satar kallona, ni kuma ina kallon yadda fata ke reto a ƙarƙashin wuyan saniya, da yadda ƙugunta ke fitowa, da yadda wutsiya ke ƙarewa da baƙin gashi.

Ba ni da jan yadi mai irin wannan launi, don haka na jiƙa karan dafi da 'yar kanwa na rina fari, na tsoma wajen wuya sau uku don ya fi duhu. Ƙahon na sa masa tsinken tsintsiya a ciki na naɗe da zare har ya tsaya. Tozon sai da na farke shi sau biyu kafin ya kwanta yadda aka ce. Kwana shida na yi a kanta, alhali zomo ina gama shi tsakanin salla biyu.

Yanzu shekaru sun ɗan ja. Ƙawata da mutanenta sun tashi daga Ƙaura sun bi dangi can wani wuri, labarinsu sai jefi-jefi. Autata ta girma, ita ke ɗaukar hoton dabbobin a waya tana nuna wa mutane. Duk saniyar da na ɗinka tun daga wancan lokaci, da tozonta take fita, sai dai ban sake taɓa kunnen ko ɗaya ba. In na zauna bayan azahar na ɗauki almakashi, yinin da na ba yarinyar saniyarta nake komawa.

Ranar, ƙawata da 'yarta sun zo da la'asar sakaliya. Na miƙa wa yarinyar jar saniyar, wannan karon ban yi murmushi ba, tsoro nake ji. Ta karɓa da hannu biyu. Ta bi ƙahon da yatsa tun daga gindi har tsini. Ta dafa tozon. Ta shafa wuyan. Sai yatsanta ya tsaya a kunnen hagu. Ta kama bakin kunnen da farce ta matse, ta ɗago ta dube ni, ta sake matsewa.

Ban gane ba, na dubi uwar. Na ga ta sa gefen mayafi a ido.

"Shaidar gidanmu ta, ƙawa. Tsaga guda a kunnen hagu, tun daga kakan ubanta. Na manta ban gaya miki ba."

Ban taɓa sa almakashi a jikin dabbar da na gama ba. Na ce wa yarinyar ta nuna mini wurin sosai. Ta ɗora farcenta, na yi bisimilla na yanka. Audugar rimi ta leƙo ta bakin tsagar. Na zare jan zare na bi gefen ina kalmasawa, ita kuma ta matso har numfashinta yana taɓa hannuna, tana bin kowane ɗinki da ido. Na ƙulla, na ciza zaren, na ajiye mata a cinya.

Ta daɗe tana kallon kunnen. Sai yarinyar ta rungume saniyar a ƙirji, ta ɗago kai, da wata 'yar murya da ta dushe don rashin amfani ta ce mini:

"Goggo, yanzu ko ta ɓace, za a san tamu ce."