Jirgin Ruwan Kafilina

Lokacin da nake direba a gidan wani Balarabe a unguwar Badi'a, wata la'asar muna tsaye a danja ya miƙo min wayarsa daga kujerar baya. Hotunan jiragen ruwa ne guda biyu masu tafiya da iska, ɗaya babba har da ɗakunan kwana, ɗaya ƙarami. Ya ce zai sayi guda ya ajiye a Jidda, wanne na ga ya fi?

Kafili, wato maigidan da ya ɗauke ka aiki, ba ya neman shawarar direba a banza. Ranar da ya tambaye ni ragon da ya fi kyau, ni na ƙare da kiwonsa har Layya. Ni mutumin Damagaram, da ban san ruwan da ya wuce tafki ba, me ya haɗa ni da teku?

Na yi tunani, babban nan dole sai da mai gadi da mai wankewa. Sai na nuna ƙaramin.

"Zain, madalla," ya ce, muka haɗa ido ta madubi. "Babban sai mutum uku. Wannan kuwa mutum ɗaya ya ishe shi. Ka iya iyo?"