Lambun Baba a Kwamfuta

Mahaifina maɗinkin hannu ne. Tun kafin a haife ni yake zaune a zauren gidanmu da ke Ƙofar Kibo a Zariya yana yi wa manyan riguna aiki da zare da allura, har idonsa ya fara yana. Da farko mu muke zura masa zare. Daga baya ko an zura ba ya ganin inda allurar za ta faɗa, sai ya mayar wa masu riguna kayansu, ya koma zaman shiru. Mutumin da hira ba ta ƙare masa, sai ga shi yana wuni bai ce uffan ba. Inna, mahaifiyata, takan kai masa tuwo ta dawo da rabinsa.

A lokacin, farkon shekarun casa'in, ina aikin buga takardu a wani sashe na jami'a a Samaru. An kawo mana kwamfuta guda ɗaya tal, aka ba ta ɗaki mai sanyi, ana lulluɓe ta da ƙyalle idan an tashi aiki. Wadda ta fi kowa zama gabanta wata malama ce mutuniyar Wusasa, mai koyar da tsara filaye da lambuna. Ta dawo daga karatu da wata manhaja a cikin ƙananan faifai, mu dai furogiram muke ce mata. Idan ka ba ta tsawon fili da faɗinsa, da inda ya yi tudu da inda ya yi kwari, sai ta zana shi, ta nuna hanyar da ruwa zai bi. In ka dasa bishiya a zanen, ta nuna maka inda inuwarta za ta kai idan ta girma. Abin da Malama take koya wa ɗalibanta shi ne a tsara lambu yadda komai zai amfani ɗan'uwansa: ruwan wanka ya tafi gindin ayaba, ganyen da ya zube ya zama taki, kaji su tsince ƙwari su bar kashinsu.

Wata rana ina buga mata takarda ta ce, "Na gaji da filin ƙarya. Ina ma zan samu fili na gaske, ko ƙarami ne, in gwada abin nan a kansa."

Na ce akwai kango a bayan gidanmu, tsohon sashen kakana da ya rushe, yana gangarawa zuwa kududdufi. Ba a komai da shi sai zubar da toka.

Ranar Asabar ta zo da tef ɗin awo da littafi. Ta durƙusa ta gaida Baba da Hausarta mai daɗi, ta yi masa bayani. Ya saurara har ta gama, sannan ya ce, "To Malama, shi wannan akwatin naku ya san Zariya?"

"Bai sani ba, Baba. Shi ya sa na zo wurinka."

Amsar ta yi masa. Ya tashi ya ɗauki sandarsa ya shige gaba. Ashe duk shekarun nan yana lura da kangon. Ya nuna mata inda ruwan indararo yake faɗowa, da inda yake kwanciya kwana uku bayan an ɗauke, da gefen da katangar maƙwabta take tare hantsi. Shi ya riƙe bakin tef, ita tana ja, ni ina rubutawa. Kowane awo ta faɗa da mita, sai ya sake shi da kamun hannunsa ya gyaɗa kai, kamar yana duba aikin wani maɗinki.

Bayan mako biyu ya ce shi fa sai ya ga akwatin da idonsa. Ya sa babbar rigarsa mai aiki, wadda ya ɗinka wa kansa tun yana da ƙarfin ido, muka hau bas zuwa Samaru. Malama ta ba shi kujerarta. Ya kai fuskarsa har hancinsa ya kusa taɓa gilashin, ita kuma ta ƙara girman zanen.

"Ga katangarmu," ya ce. "Ga rariyar Inna. Ikon Allah."

Sai aka fara dashe a cikin zanen. Bishiyoyin da ke cikin manhajar duk na ƙasar sanyi ne, babu zogale, babu gwanda, babu lalle. Malama takan ɗauki wadda girmanta ya yi kusa ta canza mata suna. Wannan ya ba Baba dariya ƙwarai, ya ce yau ya ga raɗin suna ba rago. Ayaba ta tafi inda ruwan rariya zai ƙare. Zogale ya jeru a bakin iyaka. Lemun tsami ya samu tsakiya, akurkin kaji a ƙarƙashinsa. Fangulan alayyafo da yakuwa aka sa su inda rana take daɗewa.

A kan gwanda suka saɓa. Baba yana son ta a can ƙasa kusa da kududdufi, inda zai riƙa zama a inuwarta da yamma. Malama ta nuna masa layukan da ke taruwa a wurin, ta ce ruwa zai kwanta, gwanda kuwa ba ta son jiƙa a gindi.

"Malama, na girmi akwatin nan," ya ce.

"Gaskiya ne, Baba." Ta sa masa gwandarsa inda yake so.

Na'urar bugawa ta yi ta ƙara kafin ta fito da zanen, ya fito dishi-dishi a doguwar takarda mai huji a gefe. Da muka koma gida na bi layukan da baƙin alƙalami mai kauri yadda zai iya gani, muka kafa ta da ƙusa a bangon zaure. Inna ta leƙo ta tambayi inda aka sa mata lallenta. Aka duba, ashe an manta. Da hannu na ƙara shi a kusurwa, tana tsaye a kaina.

Da aka fara aiki a kangon, ita ce kuma ta fi kowa mita da aka karkatar da rariyarta zuwa gindin ayaba. Ta ce tun tana amarya ruwan nan lungu yake fita. Amma da lungun ya bushe, taɓo da sauro suka ragu, ta daina zancen, har ta fara tara ɓawon albasa da ruwan wankin shinkafa tana kaiwa ramin taki.

Baba kuwa ya samu abin yi. Daga sallar asuba sai kango. Abin da ido ya kasa, hannu da tafin ƙafa suka yi masa. Yakan shafa ganye ya gaya maka ko yana jin ƙishi.

Da damina ta yi tsakiya, ruwa ya kwanta daidai inda layukan suka nuna. Gwandar nan guda uku suka yi rawaya, gindinsu ya ruɓe, suka faɗi. Kwana biyu yana zagaya wurin da sandarsa. A na uku ina shirin fita aiki ya kira ni.

"Ki gaya wa Malama akwatinta ya yi gaskiya. Amma ki ja ta waje tukuna, kada ki faɗa a gabansa."

Ba a daɗe ba ya rama. Awakin unguwa suka shigo ta bakin kududdufi suka cinye zogalen tas. Wannan karon da kansa ya jira zuwan Malama. Ta tsaya tana kallon sandunan da suka rage, ya ce, "Wato akwatin bai san akuya ba?" Ta yi dariya har da riƙe ciki, ta ce a ƙasar da aka yi shi awaki ba sa yawo. Tare suka tsara darni na kara da ƙaya, ta koma ta ƙara shi a zanen.

Shekarar da ta biyo ayaba ta yi nono, sabuwar gwanda ta tsaya a tudu, Malama ta kawo ɗalibanta su ga wurin. Ta ce wa Baba ya yi musu magana ta minti goma. Ya yi fiye da awa guda. Ya zagaya da su fangali bayan fangali, ya sa kowa ya damƙi takin ya sansana, ya kai su har inda gwandar farko ta mutu, bai ɓoye ko laifin wa ba. Direban motarsu ya yi ta danna ham a bakin lungu. Sai da Inna ta aiko musu da kwaɗon zogale a babban kwano sannan ya yi shiru, shi ma don ya ga bakinsu ya cika ne, ba mai iya amsa masa tambaya.

Tun daga nan kowace shekara Malama takan kawo sababbi, har ƙarfinsa ya ƙare. Kwana biyu kafin su zo yakan hana kowa tsinkar ko ganye ɗaya, ko da miyar gidan za ta kwana ba yakuwa.