Waƙar Mama Magdalene a Shagon Aski

Duk wanda ya saba bin hanyar kasuwar Gwagwalada da sassafe ya san Mama Magdalene, ko da bai san sunanta ba. Ita ce mai ƙosai a gindin mangwaro, wadda ba ta iya juya ƙosai bakinta a rufe. Daga Kagoro ta zo tun tana amarya, lokacin da mijinta Abednego ya samu aikin tuƙi a wata ma'aikata. Shi ya yi ritaya ya kama noman doya a bayan gari, ita kuwa tana nan da kaskonta da muryarta.

A cocinsu ita ce mai haɗa wa zumuntar mata waƙa. Waƙa takan zo mata tana tsakiyar aiki, ba sallama, kuma haka take tafiya. In ta kwana biyu, kalmomin suna nan a kanta, amma karin ya gudu. Shekaru da dama mijinta ne ma'ajiyarta: ta rera masa ya riƙe mata, shi kuwa ya mayar mata da ita a karkace, su yi ta musu. Wayarta ƙarama ce mai tocila, ba ta ɗaukar murya. Da 'yarta Linda ta gama jami'a ta samu aiki a Sheda, sai ta bar mata tsohuwar laftof ɗinta, ta nuna mata inda za ta danna ta naɗi muryarta. Tun daga nan Baba Abednego ya huta.

A makon da za a yi babban taron zumunta a Bwari, inda matan kowane coci ke zuwa da sabuwar waƙa, Mama ta samu wata mai daɗin gaske ranar Litinin, ta naɗe ta, ta kwantar da hankalinta. Ranar Alhamis da yamma mata za su zo gidanta su koya, Asabar a tafi. Ranar Alhamis ɗin da hantsi ta tashi daga suya, ta wanke hannu, ta buɗe laftof ta danna. Layin nan mai nuna waƙa na tafiya ya kama gudu kamar kullum, amma ko tari ba ta ji ba. Ta sake dannawa. Shiru. Ta rufe ido ta laluba karin a kanta, ta tarar wayam.

Sai ta yi mata abin da ta saba yi wa rediyo. Ta ɗan bubbuga gefenta, ta hure ƙananan ramukan da sauti ke fita, har ta kai ta tsakar gida ta shanya a rana ko sanyi ne ya kama ta. Bayan kowace dabara ta dawo ta danna waƙar daga farko. Da abin ya ƙi, ta kira Linda.

Linda tana wurin aiki, murya ƙasa-ƙasa take magana. Da ta ji zancen shanya, ta roƙi uwarta ta ɗauke na'urar daga rana tukuna. Sannan ta sa ta duba ɗan hoton sifika da ke can ƙasa ta hannun dama, ko an yi masa alamar a rufe yake. Babu. Ta sa ta ƙara sauti har ƙarshe, ta gwada wata tsohuwar waƙa, ta kashe laftof ɗin ta sake kunnawa. Duk a banza. A ƙarshe ta ce wataƙila sifikar ciki ce ta ƙone, ranar Asabar za ta zo ta kai wa mai gyara.

"Asabar ɗin da muke Bwari?" in ji Mama. "Ke dai koma aikinki."

Ta ɗauko tiren wake ta zauna a ƙofar gida tana tsincewa, zuciyarta na kan Felicity, shugabar zumunta, wadda ta riga ta cika baki a gaban matan Bwari cewa bana sai sun miƙe tsaye. In suka maimaita waƙar bara, Mama ta san wa za a kalla.

Tana cikin haka wani mutum ya zo wucewa, kansa na ƙyalli da sabon aski, yana fito. Mama ta tsaya da tsintar wake. Karin nan ne, har da ɗan hawan da yake yi a tsakiya. Ta ajiye tire ta bi shi, zani a hannu, ta tambaye shi inda ya ji wannan waƙa. Mutumin ya ɗan tsorata, ya nuna mata shagon Nababa mai aski.

Shagon bango ɗaya ya raba shi da ɗakinta, sai dai ƙofarsa na kallon titi, janaretarsa kuma na ruri a jikin bangon, shi ya sa ba ta jin abin da ake yi a ciki. Ta shiga ta tarar da Nababa, matashin Bakano mai son raha, yana gyara wa wani gemu. Ya ba ta labari cewa tun hantsi babbar sifikarsa ta ƙi kama wayarsa. Sai dai muryar wata mata ta ɓarke da waƙa, ta yi shiru, ta sake farowa, sauti na ƙaruwa da kansa. Da fari har ya yi a'uzubillahi zai kashe sifikar, masu jiran layi suka ce ya bari, waƙar da daɗi. A tsakiya ma matar takan tsaya ta ce wayyo ƙosanta zai ƙone, sannan ta ci gaba.

Ya dube ta da kyau, almakashi a hannu. "Mama, ashe ke ce aljanar?"

"Rufe mini baki. Ina can ina shanya kwamfuta a rana, kai kana nan kana raba wa mutane waƙata da aski."

Da aka sake kiran Linda, dariya ta hana ta magana. Ta tuna ta taɓa aron sifikar Nababa ranar bikin gama karatunta, ta haɗa ta da laftof ta bulutut, haɗin nan da ba ya buƙatar a jona igiya. Na'urar ba ta manta ba. Yau da ta riga wayar Nababa kama sifikar, sai ta tura sautin gaba ɗaya ta bango. Linda ta ce a kashe bulutut ɗin, murya za ta dawo nan take.

Mama ta ce a bar shi yadda yake. Muryar laftof ɗin dama ƙarama ce, matan baya ba sa ji.

Da yamma mata suka taru da tulunsu na kiɗa da caki. Nababa zai tafi sallar la'asar, ya ɗauko sifikar ya ajiye musu a tsakar gida. Ya dawo ya tarar Felicity tana ta faɗuwa a baiti na biyu, ya tsaya daga bakin ƙofa ya rera mata hawan daidai, don shi ya wuni yana ji. Felicity ta ce saura ya ɗaura ɗankwali ya bi su Bwari. Kafin magariba waƙar ta zauna a bakin kowa, har da Baba Abednego da ya dawo daga gona, ko da yake tasa a karkace ta fito.