Sanyin Tsohuwa a Dokki

Ni mai son a fara abu daga farkonsa ce, don haka zan fara da gidan. Muna zaune a unguwar Dokki, hawa na uku, ɗaki biyu da falo. Babana direba ne a wani ofishin jakadanci a Alƙahira, kuma shi ya ɗauko mahaifiyarsa daga Damagaram bayan rasuwar kakanmu. Iya muke ce mata. Sunanta aka raɗa mini, shi ya sa ba ta kirana sai da Takwara. A shekarar da nake magana ina da shekara tara, yayana Habu sha ɗaya, ƙanenmu Sadiku kuma wata goma, yana rarrafe.

Lokacin sanyi tsarin yammacinmu ɗaya ne. A yi magariba, a ci abinci, Umma ta kunna daffaya, wato murhun kananzir mai ɗumama ɗaki. Iya ta jera yankan dankali a kan murfinsa, ta ɗora ɓawon lemo don ya kashe warin mai. Ni in zauna a damarta, Habu a hagu. Tatsuniya biyu take yi, ba ta ƙarawa kome magiyarka, kuma kafin kiran isha'i an gama.

Ƙofarmu na kallon ta wata dattijuwa Bakibɗiya, wato Kirista 'yar asalin Masar, Ummu Jirjis. Iya ba ta jin Larabci sai na salla, ita kuma ba ta jin Hausa, sai na zama tafintarsu tunda a makarantar unguwa nake. A tsakiyar sanyi suna da wani idi da suke kira Gitas. Ranar Ummu Jirjis ta aiko mana da kwanon gwaza da aka dafa da ganye, da rake, da lemo. Iya ta buɗe kwanon ta ce, "Mutanen da ke yin idi da gwaza da rake, ai da hankalinsu." A bakin Ummu Jirjis na koyi watannin manoman Masar: Ɗuba mai tsananin sanyi, Amshir mai iska, sannan Baramhat, wanda a cikinsa gonaki ke yin kore.

Wajen ƙarshen Amshir gari ya yi ɗumi kwana biyar a jere. A Damagaram in sanyi ya juya baya ya tafi ke nan, sai baɗi. Iya ta tsaya a baranda, ta shaƙi iska, ta yanke hukunci cewa bazara ta shigo. Abu uku ta yi a rana guda. Da safe ta kira mai bakan shiɓa da ke yawo a layi, ta ba shi lihaf ɗinmu duka huɗu, wato bargunan nan masu kauri da ake cusa wa auduga, don ya farke su ya shiɓe audugar ya sake ɗinkewa. Ya ce sai bayan kwana goma. Da hantsi ta sa aka juye man daffaya aka ba matar mai gadi. Da azahar ta ɗauki aska ta yi wa Sadiku ƙwal, kamar yadda ake yi wa yara a gida in zafi ya kama, ta yi masa wanka a baranda.

Ummu Jirjis ta gamu da mai shiɓa a matakala, ta ƙwanƙwaso mana.

"Ce wa Hajja ta karɓo kayanta," in ji ta. "Sanyin tsohuwa bai zo ba tukuna. Mu ba ma naɗe lihaf sai bayan Shammun Nasim, ranar da ake fita lambu da ƙwai da albasa."

Na fassara.

"Ce mata na ga damina sittin da ɗoriya," in ji Iya. "Ba mai kallon sama ta taga ce za ta koya mini sama ba."

Na buɗe baki zan fassara yadda aka faɗa, don ni ba na rage magana. Umma ta mintsine ni, ta ce da Larabcinta mai ɗingishi, "Tana godiya." Da aka rufe ƙofa Umma ta ce a hankali, "Iya, da an bar ko guda ɗaya saboda yaron." Iya ba ta ko waiwayo ba. Umma kuwa ba za ta maimaita magana a gaban surukarta ba.

Kwana biyu bayan haka iska ta taso da ruwa mai sanyi kamar ƙanƙara. Muka kwana cikin zannuwa da sallaya. Washegari Sadiku ya tashi da zazzaɓi, ƙirjinsa yana ƙugi in ya ja numfashi. Baba ya kai shi wurin likita, aka ce sanyi ya shiga huhunsa, aka rubuta allura, aka ce in kwana uku suka wuce bai sauka ba sai kwanciya asibiti. Ummu Jirjis ta shigo ba sallama, rungume da lihaf mai ruwan hoda da ta ajiye don auren 'yarta, ta shimfiɗa a kan yaron. Ba ta ce komai a kan gargaɗinta ba. "Ma'alish, ya Hajja," kawai ta ce, wato kar ki damu.

Kwana biyu ba a yi tatsuniya ba. Umma tana gaishe da Iya safe da yamma kamar kullum, amma ba ta ƙara ko kalma ɗaya a kan gaisuwar, kuma ba ta bari yaron ya bar hannunta. Iya ta miƙa hannu sau ɗaya, Umma ta yi kamar ba ta gani ba. A rana ta biyu Iya ta ja ni gidan Ummu Jirjis ta ce, "Takwara, tambaye ta wace ce tsohuwar nan da aka sa wa sanyi sunanta." Na fassara mata labarin kaf.

A yamma ta uku, da aka kunna daffaya da sabon mai, Iya ta ce mu matso. Umma na gefe da Sadiku a cinya, ta ba mu baya.

"Ta yau ba daga gida na zo da ita ba," in ji Iya. "A matakala na tsince ta."

Wai an yi wata tsohuwa mai tumaki bakwai. Saura kwana uku Amshir ya ƙare, rana ta fito, tsohuwa ta ɗauki almakashi. Maƙwabciyarta ta ce ta dakata, ta ƙi. Ta sausaye tumakin tas, ta daga kai ta ce wa watan, "Tafi can da kumburarren kumatunka, me ka iya yi mini?" Amshir ya ji haushi. Ya ƙirga kwanakinsa ya ga ba za su ishe shi ba, sai ya je wurin ƙanensa Baramhat ya ce ya ara masa huɗu. Ya dawo da iska da ruwa. Tumaki suka riƙa faɗuwa ɗaya bayan ɗaya, har ya rage ɗan rago guda. Sai maƙwabciyar ta buɗe ƙofa, ta ɗauke shi ta lulluɓe da mayafinta.

Na ce, "Iya, ba haka Ummu Jirjis ta faɗa ba. A tata, tumakin duk sun mutu, tsohuwar ma ta mutu."

"Ke da iyayi! Tata ce ko tawa?" Ta juya dankali ɗaya, ta daɗe tana kallonsa. "Tawa tsohuwar ba ta mutu ba. Barinta aka yi da rai, don ta zauna ta ga abin da hannunta ya yi. Ga ta nan zaune, ba ta san da bakin da za ta yi wa uwar ɗan ragon magana ba."

Habu ya ce, "Ai tunkiyar ta mutu, Iya."

"Ba ta mutu ba. Fushi take yi, kuma da gaskiyarta."

Ƙirjin Sadiku na ta ƙugi. Can Umma ta miƙe, ta zagayo, ta durƙusa ta ɗora shi a cinyar Iya har da lihaf ɗin.

"Iya, riƙe mini shi in ɗora shayi."

Ba a yi tatsuniya ta biyu ba ranar. Da asuba zazzaɓin ya fara sauka, kuma bai kwanta asibiti ba.

Na yi shekaru ina ɗaukan darasin a kan abu ɗaya: in ka sauka a ƙasar mutane, tambayi mutanen ƙasar kafin ka yanke hukunci. Darasi ne mai kyau, na kuwa yi aiki da shi. Amma sai da na yi wa ɗana aure na gane sauran. Wata rana na tsawatar wa matarsa a gaban baƙi a kan laifin da daga baya na gano ba nata ba ne. Yarinyar ta ci gaba da gaishe ni safe da yamma, ba ta ƙara kalma ɗaya a kai. Nan take na san wannan shirun, na kuma san cewa tatsuniyar daren nan ba mu aka yi wa ba. Ni da Habu 'yan rakiya ne kawai.

Na kwana uku ina neman labarin da zan naɗe maganata a ciki, ban samu ba, don ni ban gaji Iya a nan ba. A rana ta huɗu na je ɗakinta, na zauna a bakin gado, na ce, "Ni na yi kuskure, ki yafe ni." Ta sunkuyar da kai ta ce, "Haba Mama, ya wuce." Sannan ta tashi ta ce bari ta kawo mini ruwa.