Zanen Inna da karan dafi

Da aka raba kayan mahaifiyata, abin da na roƙa shi ne wani farin zane saƙin hannu wanda ta daɗe da daina ɗaurawa. Ya yi shekaru a ƙasan akwatin ƙarfe. Da na warware shi sai na ga tsatsa ta ɗiga masa a wurare da yawa, ga kuma jirwayen goro a gefe guda. Na wanke shi sau uku a gidana na Filinge, inda nake koyarwa a lakwal, wato makarantar boko, amma tabon bai motsa ba.

Da aka ba mu hutu bayan an cire amfanin gona, na shiga motar ƴan kasuwa zuwa ƙauyenmu na Kurfai, na kai wa Gwaggo, ƙanwar mahaifina. Ita ce ke rina wa matan ƙauyen kaba da zare. Kowace damina tana shuka layi biyu na karan dafi a bakin gonar hatsi, wato dawar nan da ba a damu da tsabarta ba, jan ɓawon da ke rungume da karanta ake so.

Ta shafa zanen, ta kai shi hanci, ta ce, “Wannan saƙin tsohon nan ne na Damana. Mi kike so a yi mishi, ɗiyata?”

Na ce, “Ja nake so, Gwaggo, yadda tabon zai ɓace.”

Ta ce, “Ja dai za ki samu. Sauran kuma sai mun gani.”

Washegari da hantsi ta sa ni dakan bagaruwa. Ta ce sai zane ya sha ruwan bagaruwa kafin rini ya kama shi da kyau. Muka jiƙa a babbar tukunyar ƙasa, ruwan ya yi kamar shayi. Ana cikin haka aka zo kiranta barkar haihuwa. Ta ce in tsoma zanen in riƙa juyawa har ta dawo.

Tukunyar ta yi wa zanen kaɗan, gefe ɗaya yana ta leƙowa waje. Sai na hango wani tsohon bokitin ƙarfe a gindin rumbu, na ɗebi ruwan bagaruwa na zuba, na cusa wannan gefen a ciki, ina jin na yi dabara. Ban fi rabin awa ba na ɗago shi, na tarar ya yi baƙi-baƙi kamar toka ta jiƙe. Ɗige-ɗigen tsatsar nan ma na cikin tukunya duk sun koma baƙaƙe. Na zauna a kan turmi na yi kuka, don gani nake na ɓata abu ɗaya da ya rage mini na Inna.

Gwaggo ta dawo ta same ni haka. Ta dubi bokitin, ta dubi zanen, ta yi dariya har sai da ta dafa bango.

Ta ce, “Bagaruwa in ta gamu da ƙarfe baƙi take yi. Dukawa da shi suke baƙanta fata. Tashi ki sa ɗaya gefen ma, su yi daidai.”

Na ce, “Ɗigon fa?”

Ta ce, “Akwatin auren Innarki ne ya yi su. Ni na ɗauko shi a kaina har gidan ubanki. Bar su nan.”

Kwana uku muka yi muna rinin. Mu daka ɓawon karan dafi, mu tafasa shi da ɗan ruwan kanwa, mu tsoma, mu shanya a inuwar gawo, mu sake. Ba ta auna komai. Yatsa take sawa ta ɗanɗana, ta ce a ƙara kanwa ko a bari. A tsomawar farko zanen ya fito ja-ja kamar an wanke nama a kansa, na sake karaya. A ta huɗu ya yi ja mai duhu, gefunan biyu suka zama kamar da gangan aka yi musu baki. Muna aiki tana ba ni labarin Inna tun tana amarya, yadda ba ta iya kirɓa fura ba, da yadda suka taɓa yin wata guda ba sa magana saboda akuya. Hannuwana suka yi mako biyu da ja, ƴan ajina suna tambaya ko lalle ne.

Ranar kasuwar Lahadi na fara ɗaura shi. Wata mai sayar da tabarmi ta tsayar da ni tana tambayar inda na saya, na ce ba na saye ba ne.

Jan karan dafi yana kwanciya da wanki, don haka duk shekara biyu nakan sake tsoma shi. Gwaggo ta tsufa yanzu, ba ta iya ɗaga tukunya, amma ta ba ni iri. Ina shuka shi a bayan ɗakina. Bana maƙwabciyata ta kawo ɗankwali biyu, muka rina tare, nata ya fi nawa kyau.