Man Kaɗanyar Sista Kulu

A layinmu na Gyaɗi-Gyaɗi kowa Sista Kulu yake ce mata, alhali ba nas ba ce. Shekara ashirin da shida ta yi tana kiran kati a sashen masu ciwon fata na babban asibiti. Ta ɗauko fayil, ta kira suna, ta nuna wa mutum ƙofar likita, in an tashi ta goge benci. Daga Kibiya suka zo da goyonta na fari, lokacin da mijinta Malam Zakariyya ya samu aikin tuƙi a wani kamfani, kuma ba su sake barin unguwar ba.

A shekarunta na ƙarshe a wurin aiki, yawancin matan da ke zama a bencin nan da niƙabi suke zuwa, ba don ustazanci ba. In suka shiga suka ɗaga, sai ka ga kumatu sun ƙone sun yi baƙi kamar gindin tukunya, jijiyoyi sun fito kore, fata ta yi laushin da ko farce ya taɓa sai ta tsage. Duk aikin man bilicin ne. Kulu takan dawo gida ta kasa cin abinci.

Da ta yi ritaya sai ta koma wa abin da ta taso ta ga mahaifiyarta tana yi. Ta sayo man kaɗanya, ta narka, ta tace shi sau uku, ta haɗa da man kwakwa, ta yi ta bugawa da muciya har ya yi fari ya yi laushi. Nas-nas ɗin da suka san ta su suka fara saye, sai ɗalibai, sai mu maƙwabta. Ta je wani shagon buga takardu a Tarauni aka yi mata 'yar takardar liƙawa mai ɗauke da sunanta da lambar wayarta da kwatancen gida. Ranar da ta karɓo, gida gida ta bi tana nuna mana.

A bara aka yi sanarwa a rediyo cewa za a yi baje kolin kayan kwalliya na kwana uku a wani ɗakin taro. Kulu ta ce da ita za a yi.

"Ke da masu saye suke biyo ki har gida, me za ki je nema?" in ji Malam Zakariyya.

"Malam, so nake matan nan su ga akwai abin shafawa da ba ya cin mutum."

Sati uku tana aiki, ta cika roba ɗari uku. Aka ba ta tebur kusa da rumfar wata Hajiya Saratu, mai shagon kayan gyaran jiki a Daurawa. Rumfar tana da fitilu da manyan madubai da lasifika, ga kwalabe jere babu rubutun abin da ke ciki, sai dai suna: Haɗin Sati Ɗaya, Haɗin Amare.

Mata sukan tsaya a teburin Kulu, su buɗe roba, su shinshina, su shafa a bayan hannu, su yaba. Daga nan sai tambaya ta biyo.

"Mama, yana sa haske?"

"Ba ya sawa, 'yata. Kalar da Allah ya ba ki zai gyara miki."

Sai su rufe robar a hankali, su matsa rumfar da ke gefe. Ranar farko roba tara ta sayar. A rana ta biyu ta kasa haƙuri. Ta ga wata yarinya mai ciki tana miƙa hannu za ta karɓi Haɗin Amare, ta jawo mayafin yarinyar ta ce, "Ki ji tsoron Allah, ko don abin da ke cikinki. Na ga ƙarshen wannan da idona."

Ba a yi rabin awa ba sai ga ɗaya daga cikin masu shirya taron, da kati rataye a wuya. Ya ce an kawo ƙara tana korar wa mutane kwastomomi. Aka ɗauke teburinta aka kai can baya, tsakanin mai sayar da ruwa da ƙofar banɗaki. Nan ta wuni tana kallon bayan mutane.

A rana ta uku bayan la'asar, wani mutum mai tsabta ya zo ya yi mata sallama. Ya ce sunansa Bashir, yana da shago, ya ji labarin manta a wurin matarsa, kuma duk abin da ya rage yana so. Bai ko nemi ragi ba. Kulu ta taya shi jera robobin a kwali, tana ta sa masa albarka. Ta dawo layinmu a adaidaita ba ko roba ɗaya da ta rage, tana dariya, tana cewa ashe akwai sauran masu hankali a garin nan. Washegari ta yi waina ta raba mana.

Bayan kamar wata biyu, da hantsi, wata ɗalibar koyon jinya mai suna Khadija ta yi sallama a gidan. Ina tsakar gidan a lokacin, na je aron turmi. Yarinyar ta cire takunkumin fuskarta. Kumatunta duk sun saɓule, wuyanta ya yi ja kamar an zuba mata ruwan zafi. Ta ajiye roba a gaban Kulu, ga suna, ga lambar waya.

"Inna, don an ce ke ma'aikaciyar asibiti ce na yarda na saya. Me na yi miki?"

Kulu ta buɗe robar. Manta ne, amma ya canja launi, kuma yana wani wari mai hawa kai. Ta tambayi inda aka saya, Khadija ta ce a Daurawa.

Ko hijabin kirki Kulu ba ta tsaya sawa ba ta fita, na bi ta a baya. A shagon Hajiya Saratu muka tarar da robobin Kulu jere a kanta, an ƙara liƙa musu wata 'yar takarda ja mai cewa sabon haɗi ne. Bashir yana zaune a bayan kanta, ashe ƙanen Hajiyar ne. Da ya gan mu ya sunkuyar da kai.

"Hajiya, me kika zuba a cikin man nan?" in ji Kulu.

"Kin sayar, na saya. Abin da na yi da kayana ba ruwanki."

"To ki cire sunana!"

"Ai sunan na saya, Sista. Man kaɗanya ko a bakin titi akwai shi."

Kulu ta kai ƙara wurin masu shirya baje kolin, suka ce su wuri kawai suka bayar haya. Ta je wani ofis, aka ce ta rubuto takarda, ta rubuta, aka ce ta dawo, ta yi ta komawa har ƙafarta ta gaji. Kafin a leƙa shagon, robobin sun ƙare. Ita ta riƙa raka Khadija ganin likita, tana zama a gefenta cikin layi, tsofaffin abokan aikinta suna wucewa suna gaishe ta sama-sama. Labari ya riga ya zaga cewa Sista Kulu ma ta shiga harkar haɗi. Waɗanda suka shekara suna saye a wurinta suka ɗauke ƙafa. Wayarta kuwa ba ta huta ba. Wasu zagi suke kira su yi, amma mafi yawa so suke a ƙaro musu irin na Daurawa, har da masu cewa za su ɗauki katan. Ta cire layin ta ba Malam Zakariyya ya karya.

Yanzu kunun aya take ƙullawa, tana ajiyewa a kula a bakin zaure. Ba ta cika fitowa ba, kuma ta hana a kira ta Sista. Kwanaki ƙafar ɗiyata ta yi faso, na shiga na roƙe ta ko cokali ɗaya na man kaɗanyar ta haɗa min, tunda na san hannunta. Ta ci gaba da ƙulla ledarta.

"Ki je kemis," ta ce. "Ni na manta yadda ake yi."