Bawa da Tsoho Mai Lambun Cikin Jirgi

A shekarar 1984 na fara sanin Bawa, lokacin da aka tura ni koyarwa wani ƙauye kusa da Gezawa. Manomi ne, amma shi ke kula da batirin motar da muke kunna talabijin ɗin fastonmu da shi. Duk Asabar da la'asar akan nuna wani wasan Turawa na mutanen da jirginsu ya ɓace a sararin samaniya. Bawa ba ya jin Turanci, bai kuma damu da kyaftin ɗin jirgin ba. Nasa mutumin wani tsoho ne mai shuka ganye a ɗakin gilashi cikin jirgin. A cewarsa shi kaɗai ke aiki, sauran danne-danne kawai suke yi.

Ana cikin haka tsohon ya kwanta ciwo a cikin wasan, sai aka yi wa fasto canjin wuri, ya tafi da talabijin ɗinsa. Shekara da shekaru Bawa na tambayar duk wanda ya dawo daga birni ko tsohon ya tashi.

Bara 'yata Dorathy ta samo littafin da aka rubuta daga wasan, a wurin masu tsofaffin littattafai a Sabon Gari. Ana tsakar cirar gyaɗa ne, amma Bawa ya hana ni zuwa gona. Kullum da hantsi yana ƙofar gidana, ina karantawa ina fassara masa. Marubucin ya cika shafuka da tunanin kyaftin da wata budurwa da babu ita a talabijin. Bawa ya yi ta tsaki, yana cewa in tsallake. Na ce a makarantarmu ba a koya mana tsallake shafi ba.

Muka kai ƙarshe. Jirgi ya sauka gida lafiya, ba a ambaci tsohon ko sau ɗaya ba.

"Malam Reuben, to me suka ci a hanya?" in ji Bawa. Na ce littafin bai faɗa ba. Ya ce wanda ya rubuta wannan bai taɓa kwana da yunwa ba, ko kuma tsohon ya mutu ne nake ɓoye masa. Na miƙa masa littafin. Ya jujjuya shi, ya ajiye, ya tafi ba sallama.

Kwana biyu bai leƙo ba. Da na samu na je gonata, ina fargabar gyaɗar ta fara tsira a ƙasa, na tarar an cire ta duka, an kife ta jere tana shan rana. Na san aikin Bawa ne, amma har yau bai yi mini zancen ba. Littafin kuwa, idan an ambace shi, tsaki yake yi ya ce ƙarya ce.